Shekarar da Na Ce Ɗaya Cikin Biyar

'Yata Ummi ce ta dawo daga wani biki a Ƙofar Wambai fuskarta ba walwala, ta zauna a bakin gadona ta tambaye ni ko gaskiya ne na taɓa yunƙurin kashe wa Kawunku Kabiru kasuwa a gaban mutane. Wai wata gwaggo ce ta ɗauko zancen ana tsakiyar rabon abinci, har ana dariya ana kirana da sunan da aka laƙaba mini a wancan lokaci, Hajiya Wataƙila. Na ce mata ta je ta huta, zan ba ta amsa. To ga amsar nan, kuma ba tata ba ce ita kaɗai, har da ku Sadiya da Mustafa, domin a shekarar kuna makaranta, abin da ya iso kunnenku guntu-guntu ne, kowane guntu kuma da irin bakin da ya tauna shi. Kawunku yana raye, lafiyarsa ƙalau. Wanda ya ga kamar na ƙara gishiri ya je ya tambaye shi.

Ni ce ta fari a ɗakin Inna, Kabiru ne auta. A bayana ya yi wayo, ni na fara kai shi makarantar allo ina jan hannunsa yana turjewa. Da ya girma ya karanci kwamfuta, ya buɗe ofis a Yelwa, a saman wani shagon buga takardun ɗalibai, inda suke gina wa makarantu da otal-otal da 'yan kasuwa shafukan intanet. Ni kuwa ƙididdiga na yi ta koyarwa har na gaji da alli na ajiye aiki. Ban yi wata biyu a gida ba sai ga shi da yamma, ya zube a kan tabarma ya ce aikinsu na kyau amma sunansu na lalacewa. Duk aikin da suka ce wata ɗaya sai ya ci uku. Masu kawo aiki suna fushi, ma'aikatansa suna galabaita, biyu ma sun gudu Abuja.

"Adda," ya ce, "ke da kika ƙare rayuwarki kina koya wa yara lissafin abin da bai faru ba, ki zo ki gaya mana yaushe aikinmu zai riƙa ƙarewa mana."

Na yi dariya, amma washegari na hau keke napep na tafi Yelwa.

Abin da na tarar shi ne ba su da wani tarihin ayyukansu da za a dogara da shi. Ba wanda ya taɓa kula da tsawon lokacin da wani aiki ya ci. Ilimin duk yana cikin kawunan mutane uku: Kabiru, da Nasiru mai tsara fuskar shafi, da Rifkatu, wata 'yar Bogoro wadda ta fi kowa daɗewa tana rubuta manhaja a garin nan. Saboda haka na ce daga kawunansu zan ɗebo. Na riƙa zama da kowannensu shi kaɗai, don na lura in Kabiru ya yi magana sauran sai su ce haka ne. Ina tambayarsu abu ɗaya: me yake sa aiki ya yi tsawo? Nasiru ya ce yawan shafuka, da kuma mai aikin da bai kawo rubutu da hotunansa ba. Kabiru ya ce wuta da layin intanet, da haɗa shafi da banki. Rifkatu ta ce duk waɗannan ƙanana ne, babban abin shi ne kawuna nawa ne suke da ikon cewa a canza. Na zana kowane dalili a cikin da'ira a kan farin allon ofis, na ja kibiya daga wanda yake haifar da wani zuwa wanda yake haifarwa, har allon ya koma kamar saƙar gizo. Sannan na sayo gyaɗa. Sai in zube wa mutum ƙwaya goma in ce, a ce an kawo maka aiki goma masu shafuka da yawa, masu aikin kuma ba su san abin da suke so ba, raba mini gyaɗar nan: nawa za su ƙare da wuri, nawa a tsaka-tsaki, nawa za su ja? Mutumin da in ka tambaye shi da baki zai ce maka "ai ya danganta," in ka ba shi gyaɗa sai ka ga hannunsa ya san amsar. Matsalata ɗaya Nasiru, wanda kafin in juya ya cinye aiki biyu.

Duk rabon da suka yi na shigar da shi kwamfuta. Daga nan in sabon aiki ya zo, sai mu gaya mata yanayinsa, ita kuma ta haɗa ra'ayin mutum ukun nan ta ba mu amsa. Ba rana ɗaya take bayarwa ba. Cewa take yi, a irin wannan aiki, ƙarewa a wata ɗaya abu ne mai wuya, a wata biyu ana kyautata zato, a wata uku kusan tabbas. Mun gwada ta da tsofaffin ayyukan da suke iya tunawa, inda ta kauce muka koma kan gyaɗa muka gyara. Shekara guda muka yi a haka cikin daɗi. Ba a cika zuwa ofis ana ɗaga murya ba, Rifkatu ta koma zuwa zumuntar mata ta cocinsu da ta daina, ni kuma na sami abin da ban zata zan samu da furfura ba, wato aiki kafaɗa da kafaɗa da ƙanina. Kullum da hantsi sai ya aika a sayo mana masa, mu zauna muna ci muna musu. Ina so ku san wannan, domin masu ba da labari sukan fara ne daga faɗa.

Ana gab da dogon hutu sai babban aiki ya zo. Wata ƙungiya ce ta masu makarantun kuɗi, suna son shafi ɗaya wanda iyaye za su riƙa duba sakamakon jarrabawa, su yi wa yara rajista, su biya ta banki. Suna so a gama kafin a koma sabon zango, wato wata biyu da 'yan kwanaki. Kuma sun yanke shawarar daina rajistar takarda gaba ɗaya daga ranar da aka koma. Irin aikin da Kabiru ya daɗe yana mafarki ne. Muka zauna gaban kwamfuta mu huɗu muka ba ta yanayin: shafuka da yawa, akwai banki, makarantu ba su tattara sunayen ɗalibai ba tukuna, sannan kowane mai makaranta shugaba ne a gidansa, kowa yana da bakin cewa a canza. Amsar ta fito. Gamawa kafin a koma makaranta, ɗaya cikin biyar. Abin da ya fi rinjaye wata huɗu ne.

Kabiru ya daɗe yana kallon allon kwamfutar. Da su Rifkatu suka fita ya ja kujera kusa da ni.

"Adda, wannan lissafin da ra'ayinmu aka gina shi ko? To ni na canza ra'ayi. A sake."

"Me ya canza a aikin tsakanin ɗazu da yanzu?"

"Ni na canza. Zan ƙara mutane, zan sayi sabon janareta."

"Mu sa mata haka mu gani," na ce.

Muka sa. Ta ɗan motsa kaɗan ta tsaya, domin Rifkatu tun farko ta gaya mana sabon hannu a tsakiyar aiki sai an koya masa kafin ya amfane ka. Ya ce in bai ce zai gama ba, wani kamfani daga Jos zai ce zai gama, ko da ƙarya ne, shi za a ba, mu kuma mu zauna da gaskiyarmu muna kallon juna. Ban ce masa ƙarya yake ba, don ba ƙarya yake ba. Na ce kamfaninsa ne, ya je ya yi alkawarin da ya ga dama, ni ba zan bi shi ina warwarewa ba. Roƙo ɗaya na yi masa, kada ya tafi da ni wajen taron da za a yi da masu makarantun. In aka tambaye ni, abin da na sani zan faɗa. Ya ce dole in je, domin shugaban ƙungiyar ya ji labarin akwai wata Dakta, wato ni, da ke yi musu ƙiyasi, kuma saboda haka ma aka neme su.

"Ba wanda zai tambaye ki komai," ya ce. "Ki zauna kawai su gan ki."

Babanku, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai ƙarancin magana. Da na ba shi labari yana gyaran rediyonsa a tsakar gida, bai ɗago ba ya ce in ina da ciwon kai ranar taron ba wanda zai zarge ni. Na ce ba ni da ciwon kai. Ya ce to shi ke nan, amma in sani duk abin da na faɗa a can, a Ƙofar Wambai wajen dangi za a yanke masa hukunci, ba a ofis ba.

An yi taron a ɗakin karatu na wata makaranta, muna zaune a kujerun yara. Kabiru ya yi bayani mai kyau ƙwarai, ni kaina na ji alfahari da shi. Ya ce in sha Allahu kafin a koma makaranta komai ya kammala. Shugaban ƙungiyar, wani dattijo tsohon hedimasta mai farin gemu, ya gyaɗa kai, har an fara tattara takardu, sai ya juyo gare ni.

"Hajiya Dakta, ba mu ji daga gare ki ba. Mu za mu gaya wa iyayen yara babu sauran rajistar takarda. Wasu daga ƙauye za su taso. Tsakaninki da Allah, za a gama?"

Na dubi Kabiru. Idonsa na kan tebur. A ƙwaƙwalwata ba lissafi nake gani ba, wata uwa nake gani ta biyo motar kasuwa da 'yarta, an ce mata shafin bai buɗe ba, ta koma ta dawo wani mako.

"Ranka ya daɗe, yana iya yiwuwa," na ce. "Yaran nan sun iya aiki, ba ku da kamarsu a garin nan. Amma a yadda abubuwa suke yau, in aka yi irin aikin nan sau biyar, sau ɗaya ne zai ƙare a kan lokaci. Shawarata, kada ku jefar da takarda tukuna."

Dattijon ya tambaye ni me ke jawo hakan, na gaya masa: yawan masu cewa a canza, da jinkirin kawo sunaye. Ya yi godiya. Ya juya ga Kabiru ya ce shi mutum ne mai riƙe mutum da maganarsa, tunda ya ce zai gama, an ba shi. Da muka fito Kabiru ya buɗe mini ƙofar mota kamar kullum, ya kawo ni har gida. Da zan sauka ne ya yi magana, a hankali.

"Adda, ki huta haka nan. Na gode da abin da kika yi mana."

Na gane. Ban sake hawa benen nan ba.

Kwana biyu Inna ta aiko a kira ni. Kun san ita ba ta taɓa kama sunana ba saboda kunyar ɗan fari, "ke" take ce mini, kuma daga yadda ta ja "ke" ɗin nan kake sanin matsayinka. Na same ta a rumfa tana tsince shinkafa, matan gida sun sami abin yi kusa-kusa don su ji.

"Ke, an ce kin tashi a gaban manya kin ce ɗan'uwanki ba zai iya ba."

"Ban ce ba zai iya ba, Inna. Cewa na yi abin da wuya."

"Gobe ta Allah ce. Ke wace ce da za ki auna ta?"

"Ai shi ya sa ban ce tabbas ba, Inna. Wanda ya ce tabbas shi ya shiga gonar da ba tasa ba."

Ta ajiye faifan ta dube ni da kyau. Ta ce ita ba ta yi boko ba, amma ta san ko gaskiya tana da zaure tana da ɗaka, kuma ba kowace ake shimfiɗa wa tabarma a waje ba. Na ce na roƙe shi kada ya kai ni. Ta ce ta sani, shi ma ta gaya masa nasa. Sannan ta ɗauki faifanta ta ce in je, Allah ya shirya mata mu. A wannan makon aka raɗa mini sunan nan. In na shiga gidan suna sai ka ji wata ta ce, Hajiya, yau za a yi ruwa kuwa, ko wataƙila?

Yanzu ga abin da masu ba da labari suka fi so, kuma gaskiya ne: an gama aikin. Ana saura kwana kaɗan a koma makaranta shafin ya buɗe, iyaye suka yi rajista, ba wata uwa da ta koma ƙauye hannu rabbana. Sunan Kawunku ya tashi, daga wannan aikin ne ya sami na gaba da na gaba, har ya kai inda kuke ganinsa yau. Na yi murna, Allah ne shaidata, na dafa abinci na aika ofis. Amma a dangi an gama shari'a: Adda ta ce ba za a iya ba, ga shi an iya. Na gwada yi wa mutum biyu bayani cewa ɗaya cikin biyar ba babu ba ce, cewa wanda ya tsallaka kogi a cike ya isa lafiya bai nuna kogin ba shi da zurfi ba. Na ga suna kallona da tausayi, irin kallon da ake yi wa wanda ya faɗi yana cewa da ma zama zai yi. Sai na bari. Babanku ya ce mini in daina, mutane sakamako suke gani, ba sa ganin abin da ya kusa faruwa.

Bayan an kwana biyu Rifkatu ta zo gaishe ni, ta rame har wuyanta ya fito. Ita ta ba ni labarin abin da ya faru bayan taron. Ashe dattijon nan ya tara masu makarantu ya ce daga ranar ba mai zuwa wajen su Kabiru da wani canji sai ta hannunsa, shi kuma duk wanda ya zo sai ya ce a bari sai baɗi. Ya sa wa kowace makaranta wa'adin kawo sunaye, yana bi da kansa. Takardun rajista ma bai jefar ba, ya sa an buga an ajiye a ofishinsa ba tare da ya gaya wa kowa ba. Sannan Allah ya taimaka aka sami wuta sosai a daminar.

"Mama, maganarki ce ta tsorata shi," in ji ta. "Ki gaya wa mutane mana."

Da ta tafi na buɗe kwamfutata na sa sabon yanayin: baki ɗaya ne mai cewa a canza, sunaye sun zo da wuri, wuta ta zauna. Amsar ta tashi zuwa kusan rabi da rabi. Rabi, ba tabbas ba. Ragowar rabin Kabiru ne da mutanensa suka cike da jikinsu, da kuma abin da Inna za ta kira addu'arta, ni kuma ba zan musa mata ba. Saboda haka ban gaya wa kowa ba. Ba zan iya cewa ni na ceci aikin ba, kamar yadda ba wanda zai iya cewa na yi kuskure. Abin da na sani kawai, an tambaye ni tsakanina da Allah, na faɗi abin da ke hannuna.

Abin da na rasa shi ne Kabiru. Ba mu yi gaba ba, kada wani ya gaya muku haka. Yana zuwa gaisuwar salla, yana yi muku alheri, da Babanku ya rasu shi ya tsaya a kan komai. Amma ya daina zubewa a tabarmata. Sai ya zauna a kujera, ya tambayi lafiya, ya duba agogo. Na ji labarin sun ci gaba da amfani da lissafin nan a ofis, Rifkatu ce ke kula da shi, amma bai taɓa ambata mini ba, ni ma ban tambaya ba. Shekaru muka yi a haka, muna gaisawa kamar surukai.

Ciwon Inna na ƙarshe ne ya haɗa mu a gida ɗaya. Muka raba jinya, ni da safe, shi in ya taso aiki. Wata rana bayan la'asar na fito daga ɗakinta na same shi zaune a dakalin ƙofar, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. A ranar na fara ganin furfura a kansa. Na zauna a gefensa, muna jin yaran makarantar allo ta maƙwabta.

"Adda," ya ce, "ranar nan da kika yi magana, ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ba don kin yi ƙarya ba. Don na san ba ki yi ba."

Ya gyara zama ya ci gaba.

"Amma ki sani, ko yau aka dawo da ranar, zan karɓi aikin. Mutum nawa ne suke ci a ƙarƙashina."

"Na sani," na ce. "Ni ma ko yau aka tambaye ni, abin da zan faɗa ke nan."

Ya juyo ya dube ni, sai ya yi wata 'yar dariya ta hanci, irin wadda yake yi tun yana yaro in an kama shi. Ni ma na yi. Muna cikin haka muryar Inna ta fito daga ɗaki, a raunane amma da sauran kaifinta, ashe duk tana ji.

"To in kun gama shari'ar, wani ya zo ya tayar da ni in yi salla."

Muka tashi tare. Ya kama ta ta dama, na kama ta ta hagu, ba nauyi gare ta ba ko kaɗan. Da muka zaunar da ita ta riƙe hannayenmu ba ta saki ba, har sai da na ce mata Inna ruwan alwalar zai huce.